Zazzaɓin bayan rigakafi: ki ƙirga kwanaki kafin ki ce "ai allurar ce"

Cikin damina aka kawo mini yarinyar, wata ranar Talata da hantsi. Uwarta ta lulluɓe ta da zani biyu alhali jikinta kamar garwashi. Na kwance ta na buɗe tafin hannunta, na gan shi fari fat. Na ja fatar ƙasan idonta, nan ma ba alamar jini. Katinta ya nuna kwana shida ke nan da ni da hannuna na yi mata allurar wata tara.

Na ce, "Maman yarinya, yaushe zazzaɓin nan ya fara?"

Ta ce, "Washegarin allura."

"To me ya hana ki kawo ta?"

Ta dube ni ta ce, "Sista, ai ke kika ce jikinta zai yi zafi. Kakarta ma ta ce allurar ce take aiki, a ƙyale ta."

Muka soki yatsarta muka ɗiga jinin a kan ɗan abin gwajin maleriya, kafin in gama cika takarda layi biyu sun fito raɗau. A babban asibiti ta kwana ana ƙara mata jini. Allah ya tashi kafaɗunta, yanzu har ta shiga islamiyya.

Maganar uwar nan ta daɗe tana cin raina, domin gaskiya ta faɗa. Na ce mata jiki zai yi zafi, amma ban gaya mata yaushe zai fara ba, kwana nawa zai yi, da ranar da ya kamata ta daina jingina shi ga allura. Shekarata 17 a teburin rigakafi a wani ƙaramin asibiti cikin garin Bauchi, kuma tun daga ranar nan ba na sallamar uwa sai mun ƙirga kwanaki tare a kan yatsu. Abin da nake faɗa musu a tsaye cikin kukan yara shi zan shimfiɗa a nan har da dalilansa, domin na lura wadda ta san dalili ba ta cika mantawa ba.

Ki fara da sanin abin da aka yi

Kafin ki tashi daga benci, ki tambayi sunan kowace allura da aka yi wa yaronki da wurin da aka soka, cinyar dama ko ta hagu, damtsen dama ko na hagu. Ki duba an rubuta kwanan wata a kati. In ba kya karatun boko, ki riƙe ranar da wani abu da ba za ki manta ba, ranar sunan wance, ko jajibirin kasuwar Alkaleri. Duk abin da zan faɗa a gaba a kan wannan ranar ya rataya.

Rigakafin cututtukan bairos ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ƙwayar cutar tana da rai amma an karya mata ƙarfi: ƙyanda, shawara, ɗigon shan inna da ɗigon rota na gudawa. Akwai wanda aka kashe ƙwayar ko aka ɗebo wani ɓangare nata kawai: allurar shan inna, ta ciwon hanta nau'in B, da HPV ta kariya daga sanƙarar bakin mahaifa wadda aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Najeriya a watan Oktoba na 2023. Sai kuma na korona, waɗanda suke kai wa jiki saƙo ya ƙera ɓangaren ƙwayar da kansa. Marar rai da na korona suna tayar da jiki da wuri, cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Mai rai kuwa sai ya zauna ya hayayyafa tukuna kafin jiki ya farga, shi ya sa nasa zazzaɓin yake makara.

Abin da ke faruwa cikin tsoka da jini

Ƙanena a ɗakin gwajin jini yake aiki, kuma yawancin abin da na fahimta a nan a tabarmar gidanmu muka tattauna shi, yana zana mini a bayan takardar sakamako.

Da zarar ruwan allura ya shiga tsoka, ƙwayoyin garkuwar da ke gadin wurin sai su ga baƙo. Ba sa yaƙi su kaɗai, yekuwa suke yi. Yekuwar nan wasu ƙananan sinadarai ne da suke saki, masana suna kiransu saitokayin. Uku daga cikinsu su ne manyan masu tayar da zazzaɓi: intalukin-1, intalukin-6, da TNF. A wurin da aka soka, suna buɗe ƙananan jijiyoyin jini don mayaƙa su samu hanyar shigowa. Jan da kike gani, da kumburi, da ɗumin wurin, da kukan da yaro yake yi in an taɓa cinyar, duk daga nan ne. Wasu mayaƙan sukan ɗauki guntun baƙon su kai shi kaluluwar da ta fi kusa, a hamata ko a matsematsi, domin a can ake horar da masu ƙera makamin da zai daɗe a jiki. Don haka in kin ji ɗan ƙullutu a hamatar da ke gefen allura, yana motsi ƙarƙashin yatsa, yawanci wannan aikin ne ake yi, kuma yakan saɓe da kansa cikin 'yan makonni.

In yekuwar ta yi yawa sai ta bi jini ta kai ƙwaƙwalwa. A can ake samar da wani sinadari, furostagilandin E2, wanda yake taɓa wurin da ke daidaita zafin jiki. Ma'aunin da aka saba tsayarwa a digiri 37 sai a ɗaga shi zuwa 38 ko 39. Nan ne abin da ke rikita iyaye yake: jiki yana ganin bai kai sabon ma'aunin ba, sai ya ɗauka sanyi yake ji, ya kama rawar ɗari don ya ƙara zafi. Yaro na karkarwa, uwa na ƙara masa bargo, zafi na ƙara hawa. Farasitamol aikinsa rage wancan sinadarin a ƙwaƙwalwa, ma'auni ya sauko, gumi ya keto.

Intalukin-6 yana da wani aiken kuma. Yana zuwa hanta ya sa ta zubo wani furotin cikin jini mai suna CRP, wanda aka gano tun 1930. Yakan fara hawa cikin awa shida zuwa takwas, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, sannan ya sauko. Shi ne wanda za ki fi gani a takardar gwaji, kuma zan dawo kansa.

Sai intaferon, wanda na fi jin labarinsa a jikina. Shi ne makamin farko na jiki a kan bairos, an gano shi a 1957. Shi ke kawo ciwon gaɓoɓi, ciwon kai, kasala da ƙin abinci. Hujja a bayyane take: a shekarun da ake yi wa masu ciwon hanta nau'in C allurar intaferon a matsayin magani, kukansu ke nan, masassara da ciwon jiki kamar mai mura mai tsanani, alhali ba wata sabuwar cuta da ta kama su.

A farkon Maris na 2021 allurar korona ta AstraZeneca kusan miliyan 4 ta sauka a Abuja, kuma mu ma'aikatan lafiya aka fara yi wa. Da safe aka yi mini, na wuni ina aiki lafiya lau. Wajen ƙarfe goma na dare, cikin zafin Bauchi na bazara da mutane suke kwana a tsakar gida, haƙorana suka kama haɗuwa. Na jawo bargon hunturu daga ƙasan akwati. Bayana da cinyoyina kamar an yi mini duka da taɓarya. Na kira ƙanena, ya ce, "Yaya, ki sha farasitamol ki sha ruwa. Da zan ɗebi jininki gobe, zan ga CRP ya ɗan hau, fararen ƙwayoyin jini sun ɗan sauka. Kafin mako duk sun koma mazauninsu." Jibi da safe na tashi na yi wanki.

Wata abokiyar aikina da ta haura sittin, rana ɗaya aka yi mana, ko ciwon kai ba ta ji ba. Ta zo tana cewa ko ruwa aka ɗura mata. Wannan tambaya iyaye ma suna yi mini ita kullum: "Sista, jikinsa bai yi zafi ba, anya ta kama?" Ki kwantar da hankalinki. Matasa sun fi tsofaffi jin jiki bayan allura, mata sun fi maza, kuma jini ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Yawancin yaran da aka yi wa allurar ƙyanda ba sa yin zazzaɓi ko kaɗan, amma kusan 85 cikin 100 na waɗanda aka yi wa a wata tara suna samun kariya. Saboda ragowar ne ake maimaitawa a wata 15. Zafin jiki ba shi ne ma'aunin kamawar allura ba.

Yanzu sai ƙirga

Ranar allura da washegari, har zuwa kwana na biyu: nan ne lokacin allurai marasa rai. Allurar mako 6, mako 10 da mako 14, allurar ciwon hanta, HPV, da na korona. Ɗumi kaɗan, rigima, yawan barci, cinya ta ɗan kumbura. A ranar wata tara ma ana haɗa ƙyanda da shawara da sanƙarau, to ta sanƙarau tana iya kawo ɗan ɗumi a waɗannan kwanakin. Ya kamata kowace rana ta fi ta jiya sauƙi. Zazzaɓin da ya shiga kwana na uku bai sauka ba, ko yake ƙaruwa, ya fita daga lissafin allurai marasa rai, a je a gwada jini.

Allurar shawara takan kawo ɗan ciwon kai, ciwon jiki da zazzaɓi marar ƙarfi cikin kwana goma na farko, ga wasu mutane. Na ga haka da yawa a 2019, lokacin da shawara ta ɓarke a ƙaramar hukumar Alkaleri, aka danganta ta da dajin Yankari, muka fita muna yi wa manya da yara rigakafi. Magidanta suna dawowa bayan kwana huɗu ko biyar suna cewa an sa musu cuta. Wani abin da nake so game da wannan allura shi ne asalinta na yankinmu ne: ƙwayar da aka raunana an samo ta ne a 1927 daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, Max Theiler da abokan aikinsa suka yi ta renonta a ɗakin gwaji har ta zama rigakafi a 1937. Sau ɗaya ake yin ta, ta isa har ƙarshen rayuwa.

Kwana na 7 zuwa na 12: wannan lokacin ƙyanda ne, kuma shi iyaye suka fi rashin sani. Yaro ya yi mako guda garau, an manta da allura, sai kwatsam zazzaɓi, wani lokaci ya haura 39. Yana faruwa ga yara 5 zuwa 15 cikin 100, yakan yi kwana ɗaya ko biyu. Kaɗan daga cikinsu ƙananan ƙuraje ja sukan feso musu su ɓace. Wannan ba ƙyandar da muka sani ba ce, kuma ba ya shafa wa sauran yaran gida.

Ga inda nake jan kunne. Ko zazzaɓi ya faɗo daidai kan kwanakin da na lissafa, sauro bai san kalanda ba. A ƙasarmu, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, duk yaron da jikinsa ya kai 38 ya wuce yini guda, a yi masa gwajin maleriya na yatsa. Minti 15 zuwa 20 ne. Ƙirgan kwanaki amfaninsa ya hana ki firgita, ya kuma nuna miki inda allura ba ta da hannu. Ba ya maye gurbin gwaji. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, in ya kai 38 a kawo shi mu gani, ko jiya aka yi masa allura.

Jinya a gida

Ki sayi ma'aunin zafin jiki na batir a kyamis, ki ajiye. Bayan hannu yana yaudara, musamman in kin fito daga madafa. Ki sa shi a hamata, ki rubuta abin da ya nuna da lokacin.

Ki rage wa yaro kaya, riga ɗaya marar nauyi ta isa. Ki yawaita ba shi nono. Wanda ya fara cin abinci a ƙara masa ruwa da kunu. In za ki goge masa jiki, da ruwa mai ɗan ɗumi, ba na randa mai sanyi ba, domin sanyin yana ƙara masa karkarwa.

Wurin allura kuma a bar shi ya huta. Na sha ganin an gasa cinyar jariri da tsumma da ruwan zafi har fata ta saɓule, ko an mulke ta da man zafi. Wurin da jijiyoyi suka riga suka buɗe, zafi ƙara masa kumburi yake yi. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora na 'yan mintuna, shi ke nan. In bayan kwanaki kumburin ya ƙaru, ya yi laushi a tsakiya kamar maruru, ko yana fitar da mugunya, wannan ƙwayar cuta ce ta shiga wurin, a kawo shi. Tabon BCG, rigakafin tarin fuka, na damtsen hagu daban ne, shi dama yakan yi ɗan ƙurji bayan makonni ya fashe ya warke, kada a sa masa komai.

Farasitamol ana auna shi da nauyin yaro, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, duk bayan awa shida, kada ya wuce sau huɗu a kwana. Yaro mai kilo 8, in sirof ɗin mai 120 cikin mililita 5 ne, mililita 5 ita ce iyakarsa. Na ɗigo ya fi wannan ƙarfi nesa, ki duba kwalba, in kin yi shakka ki kawo mu nuna miki. Kada a haɗa shi da maganin mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki. Asfirin kuwa ba na yara ba ne sam, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Akwai wata al'ada da ta shigo, uwa ta ɗura wa yaro farasitamol tun a gida kafin ta taho, wai don ta tare zazzaɓi. Ina hana ta. Wani bincike da aka yi a ƙasar Cek, aka wallafa a 2009, ya nuna jariran da aka riƙa ba farasitamol tun daga lokacin allura sun rage zazzaɓi, amma makaman garkuwar da jikinsu ya ƙera ma sun ragu. A bari sai yaro ya nuna yana jin jiki sannan a ba shi.

In zafi ya kawo jijjiga, ki kwantar da shi a gefensa a kan tabarma, ki sassauta masa kaya, ki dubi agogo. Ban da cusa cokali ko yatsa a baki, ban da ɗura man ja, ban da turara hayaƙi ko kai ƙafarsa kusa da wuta. Na ga ƙunar da wannan ya jawo, ta fi jijjigar illa. Yawanci tana tsayawa kafin minti biyar, kuma irin wannan ba ta cika barin wata lahani ba. Tana tsayawa a tafi asibiti, in ta wuce minti biyar a tafi tana yi. Bayan allurar ƙyanda tana samun kamar yaro 1 cikin 3,000. Masu bincike a Denmak sun gano a 2014 cewa wasu 'yan bambance-bambance a ƙwayoyin gado guda biyu suna ƙara yiwuwarta: ɗaya CD46, ƙofar da ƙwayar rigakafin ƙyanda ke bi ta shiga ƙwayoyin jiki, ɗayan kuma IFI44L, wanda intaferon ke tayarwa. Wato wani yaron da haka aka haife shi, ba sakacin uwa ba ne, ba kuma hannun mai allura ba.

Alamomin da ba a kwana da su

Waɗannan ba su da yawa. A shekaruna 17 akwai waɗanda ban taɓa gani da idona ba sai a takardar horo. Amma in sun zo, saurin kai mutum asibiti shi ne komai.

Na farko yana zuwa cikin mintuna: borin jini ya feso a jiki duka, leɓe da fuska su kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙara, mutum ya yi laƙwas. Wasu ƙwayoyin garkuwa ne suke zubo histamin gaba ɗaya a lokaci guda. Kusan mutum 1 cikin miliyan yake samu, kuma maganinsa allurar adiranalin a cinya nan take. Saboda shi nake cewa a zauna minti 15 zuwa 30 bayan allura, ko mai Keke Napep yana jira a waje. Ya bambanta da suman da 'yan matan makaranta suke yi lokacin HPV. Wannan tsoro ne da tsayuwa a layi cikin rana ba karin kumallo. A kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta, cikin minti ɗaya za ta farfaɗo.

Na biyu, ɗige-ɗige ja ko shuɗi a fata waɗanda ba sa ɓacewa in an danna, haɓo, ko jini a dasashi, cikin mako shida bayan allurar ƙyanda. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini, filatilet, su ne suka ragu domin garkuwa ta juya kansu. Ga mai lafiya suna tsakanin 150,000 da 450,000 a ma'aunin gwaji. A ƙasashen da ake haɗa ƙyanda da rubela da hangum a allura ɗaya, an ƙiyasta yaro 1 cikin 30,000 zuwa 40,000. Gwajin ƙirgan jini na yau da kullum yana nuna shi, kuma yawanci yana warkewa.

Na uku ya shafi manya da aka yi wa allurar korona a shekarun baya, ta AstraZeneca ko Johnson & Johnson: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani ya dushe, ciwon ciki mai naci, ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, daga wajen kwana na 5 zuwa na 30. Ki lura da kwanakin, ciwon kan daren farko irin nawa ba shi ba ne. A 2021 likitoci a Jamus, Norwe da Birtaniya suka gano dalilinsa: jiki yana ƙera makami a kan wani furotin nasa mai suna PF4, sai jini ya riƙa yin gudaji alhali filatilet suna ƙarewa. A takardar gwaji filatilet ƙasa, D-dayima, alamar gudan jini, sama ƙwarai. A gaya wa likita an yi wannan allurar da ranar da aka yi ta, domin hefarin, maganin da aka saba bayarwa ga gudan jini, ana kauce masa a nan.

Samari kuma, ciwon ƙirji ko bugun zuciya cikin mako guda bayan allurar korona ta Pfizer ko Moderna, galibi bayan ta biyu. Tsokar zuciya ce ta kumbura, gwajin jini na tiroponin da na bugun zuciya suke nunawa. Mafi yawa suna warwarewa da hutu, amma a ajiye ƙwallo sai likita ya ba da izini.

Bayan ɗigon rota, cikin mako na farko, in jariri yana tsandara kuka yana naɗe ƙafafu, ya yi shiru, ya sake, ga amai, ga kashi mai jini da majina, hanji ne ya shige cikin kansa. Wannan kam gwajin jini ba ya nuna shi, sai sikanin. Kai tsaye babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko na tarayya da ke Azare ga mutanen Katagum.

Bayan allurar shawara, in ido ya yi rawaya, ga zazzaɓi mai ƙarfi da amai, fitsari ya ragu, a gwada hanta da ƙoda da gaggawa. Bai kai mutum 1 cikin 100,000 ba, ya fi samun waɗanda suka haura sittin. An gano wasu daga cikin masu wannan matsalar jininsu na ɗauke da makaman da ke kashe intaferon ɗinsu, wasu kuma an haife su ba su da ƙofar da intaferon ke bi ya yi aiki. Irin wannan gadon an same shi a wasu iyalai na tsibiran Folinesiya da mutanen Inuwit na can ƙuryar arewa, inda yara suka yi ciwo mai tsanani bayan allurar ƙyanda. Sinadarin da ya hana ni barci a daren nan na Maris, shi ne dai yake tsare ƙwayar mai rai kada ta wuce gona da iri.

Gwajin da za ki biya da wanda ba za ki biya ba

Wani magidanci ya taɓa zuwa mini da takardu huɗu daga wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, kwana ɗaya bayan an yi wa ɗansa allurar mako 10. An karɓe masa kuɗin cefanen mako. An nuna masa CRP ya hau, an ce akwai cuta a jini, an kuma yi Widal an ce taifot, ga jariri mai shan nono zalla, aka rubuta masa allurai na kwana biyar. Yaron yana hannunsa yana wasa da carbi. Raina ya ɓaci ƙwarai. CRP yana faɗin cewa garkuwa ta motsa, ba ya faɗin abin da ya motsa ta. Allura tana ɗaga shi, maleriya tana ɗaga shi, maruru ma haka. Filatilet ma maleriya tana saukar da su. Intalukin da intaferon kuwa a wuraren bincike ake auna su, ba gwajin da ake yi wa marar lafiya a asibitocinmu ba ne. Duk wanda ya ce zai gwada miki jini ya ga ko allura za ta yi wa yaronki illa kafin a yi ta, kuɗinki yake so.

Abin da ke tsaye a madadin wannan gwajin tambayoyi ne, kuma amsarsu tana bakinki. Ki faɗa mana in yaron ya taɓa yin mummunan bori bayan wata allura, ko in cin ƙwai yana kumbura masa fuska ya toshe masa numfashi, domin a cikin ƙwai ake renon rigakafin shawara. Ki faɗa in yana shan maganin ciwon daji ko firednisolon na dogon lokaci, in yana da cuta mai karya garkuwar jiki da ta yi nisa, ko in a gidan an taɓa rasa jariri bayan BCG ko allurar ƙyanda. Mai ciki ta faɗa kafin a yi mata rigakafi mai rai. Jaririn da bai kai wata shida ba ba a yi masa ta shawara. Mura, ɗan tari, gudawa marar yawa ko fitar haƙori ba sa hana allura, kuma yaro mai tamowa shi ya fi kowa bukatarta. Na zauna a ɗakin masu ƙyanda, na ga idon da ya mutu da huhun da ya cika. Bincike na 2019 ya nuna ƙyanda tana iya share daga kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na makaman da yaro ya tara a kan wasu cututtuka, shi ya sa wanda ya tashi daga ita yake ta laulayi wata da watanni. Rigakafinta ba ya yin haka.

Duk abin da ya faru bayan allura wanda ya kai ku asibiti, ko ya ba ki tsoro, ki dawo wurin da aka yi ta ki faɗa, ko yaron ya warke. Muna da fom da muke cikawa, ya tafi wurin jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, daga nan jiha, har hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa da NAFDAC. Mai babbar waya yana iya kai rahoto da kansa ta manhajar Med Safety. Ta irin waɗannan rahotanni ne aka gano matsalar PF4 cikin 'yan makonni. Ki taho da katin, domin daga kwanan watan da ke jiki muke gano lambar kwalbar da aka ɗebo allurar a rijistarmu, mu bincika ko sauran yaran da aka yi wa daga cikinta suna lafiya. Ki taho da kwalbar duk maganin da kika ba shi, na kyamis da na gargajiya, da takardar da kika riƙa rubuta zafin jikinsa a kai.